Shekara biyu da rasuwar mahaifiyata na kasa taɓa kayan ɗakinta

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta rasu shekara biyu ke nan, ɗakinta yana nan a kulle kamar yadda ta bar shi: akwatunan atamfa da leshi, kabet cike da kwalla da samira, gadon ƙarfe, takardu, har da ragowar magungunanta. Mu huɗu ta bari, maza biyu mata biyu, mahaifinmu kuma yana raye. Ana bukatar ɗakin, amma duk lokacin da na buɗe akwati sai kuka. Na yi niyyar in kwashe komai in yi mata sadaka da shi in huta. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Hajiya, ya ba ku haƙurin rashinta. Kukan da kike yi ba abin kunya ba ne, kuma zai ragu idan aikin ya samu tsari. Amma ki dakata da maganar sadakar nan tukuna, domin kayan ba naki ba ne ke kaɗai.

Duk abin da mamaci ya bari gado ne, daga sarƙar zinari har cokalin miya. Mutane da yawa suna ɗaukar gado a matsayin gida da gona da kuɗin banki, su kuwa kayan ɗaki sai 'ya'ya mata ko 'yan'uwan marigayiya su kwashe a tsakaninsu, ko a raba wa maƙwabta bayan sadakar bakwai. Daga nan ake samun gaba ta shekaru, don wanda bai yi magana ba a ranar yana riƙe da abin a zuciya. Tsarin shari'a a fili yake: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya idan ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan a raba ragowar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. A yadda kika bayyana, mahaifinku yana da kashi ɗaya cikin huɗu tunda akwai 'ya'ya, idan iyayenta na raye lokacin da ta rasu kowannensu yana da kashi ɗaya cikin shida, ragowar kuma taku ce, namiji ya ɗauki ninkin na mace. Ku kai wa malamin da ya san ilimin gado ko alƙali ya fitar muku da lissafin.

Saboda haka zama na farko na rubutu ne kawai. Ki kira mahaifinku da 'yan'uwanki, ko aƙalla biyu daga cikinsu, a buɗe ɗakin a gabansu, a rubuta komai a littafi, a ɗauki hoton kowane akwati a buɗe. A nan ne za a ware abin da ba nata ba. Tsofaffin mata kan riƙe ajiyar mutane: kuɗin adashi, zinarin ƙanwa, kayan auren jika da ake tarawa. Ku tambayi aminanta da uwar adashinta, ku duba ƙarƙashin katifa, cikin kwalla da ƙullin gefen zane.

Akwai wani wuri da ake yawan zamewa. Idan Hajiya ta ce da ke "wannan leshin naki ne" amma bai bar akwatinta ba har ta rasu, a mazhabar Malikiyya kyautar ba ta kammala ba, don ba ki karɓe ta a hannunki ba, ya koma cikin gado. Na san wannan yana da ciwo. Mafita ita ce ki faɗa wa sauran magada, ko su bar miki da yardarsu, ko a yi masa kuɗi a cire daga rabonki. Haka za a yi da duk abin da wani ke so don tunawa. Ku kira dillalai biyu daban-daban su yi wa sutura da kwanuka farashi, a ɗauki matsakaici. Zinari kuwa a kai shi kasuwa a auna a giram, a shago biyu ko uku, kada a yi masa kuɗi da ido. Bayan an gama, wanda ya ga dama ya ba da rabonsa sadaka. Idan akwai ƙaramin yaro cikin magada, ba wanda ke da ikon yafe nasa.

Yanzu aikin kwasa. Ki zaɓi lokacin rani, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da iska ta bushe. Ɗakin da ya sha damina biyu a rufe yana da ƙura da fumfuna, don haka a buɗe ƙofa da taga kwana ɗaya kafin a shiga, ki sa takunkumi da safar hannu, mai asma kada ya shiga. Ki ja akwatuna daga jikin bango a hankali, saboda kunama da gara. Kada ki wuce awa biyu a zama ɗaya, kuma kada ki yi shi ke kaɗai. Ki samu wadda ba ta shaƙu da kayan kamar ke ba, ƙawa ko matar yaya, ita ta riƙa ɗagowa tana nuna miki, ke kina faɗin inda za a ajiye. Da zarar kin riƙe zane a hannu kin ji ƙamshin turarenta, aikin ranar ya ƙare.

Ki fara da abin da ba ya taɓa zuciya. Magungunan hawan jini da na sukari da duk wani ragowar magani kada a ba kowa, ko da ciwonsu iri ɗaya ne. Ki kai wa mai kemis ko asibiti su lalata. A cire batir daga rediyo da tocila, don yana tsiyaya ya cinye ƙarfen ciki. Fasassun robobi, tukwanen alminiyam da suka huje da gadon ƙarfen idan ba mai so, 'yan gwangwan suna saye a kan kilo, kuɗin kuma ya shiga lissafin gado. Kwalla da samira da fentinsu ya ɓare har tsatsa ta fito ba su dace da abinci ba, masu lafiya kuwa suna da masu saye, kuma amaren da ba su da hali suna murna da su.

Takardu suna bukatar natsuwa. Kada ki ƙona ko ɗaya sai an karanta ta. Takardar fili ko gida, yarjejeniyar ciniki, takardun fansho, na banki da rasit ɗin zinari su shiga fayil ɗaya, a ɗauki hotonsu, a ajiye wurin wanda kowa ya amince da shi. Wayarta ma haka: kada a ba yaro ita, kada a jefar da layin, domin yawanci yana haɗe da asusunta na banki. Ki fara tura saƙonnin muryarta na WhatsApp da hotuna zuwa wayarki da ta wani ɗan'uwa. Alƙur'ani da littattafan addini masu kyau a kai masallaci ko Islamiyya. Waɗanda suka yayyage a binne su a wuri mai tsarki da ba a takawa, ko a ƙona a binne tokar.

Sutura ce ta ƙarshe, ita ce mai wuya. Shawarata ki ƙayyade wa kanki akwati ɗaya tun kafin ki fara zaɓe, abin da bai shiga ba ya tafi. Ki zaɓi waɗanda kika san ta da su: mayafin da take zuwa Idi da shi, dardumarta, carbinta, zane biyu ko uku. Atamfar da ba a ɗinka ba, wadda ta saya ta ajiye, ba ta ɗauke da wani tarihi nata, kuma ajiya lalata ta take yi, tana tsagewa a kan layin ninki. Abin da kika riƙe ki wanke shi, ki shanya a inuwa ya bushe sarai, kada ki sa masa sitaci don yana jawo ƙwari, kada ki ƙulle shi a leda don tana riƙe damshi. Ki naɗe a farin zane, ki ɗora akwatin a kan benci ko bulo, ki fito da kayan su sha iska sau ɗaya a shekara kina sauya ninkin. Idan za ki sa kafur, kada ya kusanci kayan jariri, yana iya jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani. Ya fi kyau ma ki yi amfani da su: ki yi salla a dardumar, ki ba tela zane ɗaya ya ɗinka wa jikokinta riguna.

Idan zuciya ta ce miki rabuwa da kayan kamar mantawa da ita ne, ki tuna Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi (SAW) ko sadaka za ta amfani mahaifiyarsa da ta rasu, aka ce masa za ta amfane ta. Zanen da gara ke ci a akwati ba ya kai mata komai. Sai dai ki duba inda za ki bayar. Idan ganin wata maƙwabciya sanye da mayafinta zai tayar miki da hankali, ki aika da su ƙauyensu, gidan marayu ko sansanin 'yan gudun hijira. Kuma duk ƙullin da aka yanke shawara a kansa ya bar gidan cikin kwana uku, in ba haka ba za ki kwance shi ki sake zaɓe.

Ki ba mahaifinku damar zaɓe kafin kowa, ki tambaye shi a keɓe. Maza da yawa ba sa iya cewa suna son wani abu na matarsu a gaban 'ya'ya. Bayan an kwashe, a duba ƙasan bango da katakon taga ko gara ta shiga, a yi feshi, a bar ɗakin a buɗe kwana biyu ko uku, a yi fenti kafin a sa kayan wanda zai zauna.