Tambaya da Amsa: Taliya mai cikin kaza, da me za a kora?

Tambaya: Salamu alaikum Anti, don Allah ina so in yi wa maigida taliyar nan ta 'yan Italiya da ake cusa nama a ciki, ravioli, na gani a bidiyo da naman kaza amma matar ta tsiyaya giyar inabi a miyar kuma wai da farar giya ake ci, to mu ya za mu yi? Kuma ni ba ni da injin taliya. Daga ƙanwarki a Agege.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Batun inji ki cire shi a ranki, tsofaffin matan birnin Bologna na Italiya da sandan murji suke yi har gobe, ke ma sandan mitfai ɗinki ko kwalba mai tsabta ya wadatar. Ma'aunin kuwa ba wuya, kowane giram 100 na fulawa ƙwai 1, fulawa giram 300 da ƙwai 3 zai ishi mutum 3 zuwa 4. Ki kwaɓa, ki murza da hannu kamar minti 10 har ya yi santsi, ki rufe da leda ya huta minti 30, kar ki tsallake hutun nan in ba haka ba kina murzawa yana komawa.

Cikin kuma cinyar kaza ta fi ƙirji, ƙirji bushewa yake yi. Ki dafa da albasa da tafarnuwa da ɗan masoro, ki daka ko ki niƙa, ki haɗa da ƙwai 1 da cuku. 'Yan Italiya cukun ricotta da parmesan suke sawa amma tsadarsu a manyan kantunan Ikeja ba a magana, waran nan na nono da ake sayarwa a kasuwa ki matse ruwansa ki marmasa, yana yi sosai. Ki bari cikin ya huce tukuna.

Inda aikin yake shi ne murji, sai ya yi siriri har kina hango inuwar yatsunki ta baya. Ki ɗiga haɗin kazar a kai ƙaramin cokali ɗaya ɗaya, ki shafa ruwa a gefe, ki rufe, ki fitar da iska da yatsa sannan ki danne baki da cokali mai yatsu kamar dai mitfai, in kika bar iska a ciki to a tukunya zai fashe. Kuma kin san damshin Legas, in kika jera su a faranti haka kawai kafin ki juya sun manne, ki barbaɗa semo a ƙasa. Ruwa mai gishiri yana tafasa ki zuba, minti 3 zuwa 4 sun taso sama.

To giyar. 'Yan Italiya da kaza yawanci fara suke sha irin su Pinot Grigio ko Soave, yankin Bologna kuma Lambrusco mai kumfa, kuma abin da take yi musu a baki tsami ne da ke yanke maiƙon bota da cuku, to tsamin nan muna da shi a halal. A miya ki sa romon kazar da matsin lemun tsami. Masu cewa ai in an dafa giyar duk tana ƙonewa, ba gaskiya ba ne, wani kaso yana saura. Na kora kuwa ni zoɓo mai sanyi na fi so, a rage masa suga sosai, ko ruwan tsamiya, ko soda da lemun tsami. Ruwan inabin kwalba marar giya da ake kawowa a biki ya cika zaƙi, danne ɗanɗanon kazar yake yi.

Sai kuma in kasala ta kama ki kika ce bari ki sayi na fakiti, ki karanta bayansa da kyau, musamman tortellini, wato wata ƙaramar taliya mai ciki irin ravioli, don asalin na Bologna da naman alade ake cusa shi, in kika ga prosciutto ko mortadella ko maiale a jiki ki mayar musu da kayansu.