Yadda za ka karanta ƙasan tafki da na'urar sona

Malam, ka ce ka sayi na'urar sona ta kamfanin Garmin, mai duba ƙasan ruwa da sauti, kana kamun kifi a gefen garin Epe da ke bakin tafki a jihar Legas, amma ka kasa bambance rami da tudu a allon.

Fara da kan na'urar da ke cikin ruwa, shi ke harba sauti ya karɓi amsa. Dole ya zauna daidai, bai karkace ba, kuma nesa da kumfar farfelar inji. Tafkin Legas ba shi da zurfi sosai, don haka sa mitar sautin na'urar a 200 kHz.

Layin ƙasa mai kauri da haske yana nufin wuri mai tauri, yashi ko dutse. In ya yi siriri, dishi-dishi, laka ce. Inda tauri ya haɗu da laka, ko bakin ramukan da masu haƙar yashi suka bari, nan kifi ke taruwa. Shi kansa kifin yakan fito a allon a lanƙwashe kamar bakan harbi.

In naka yana da Quickdraw Contours, wato tsarin da ke zana taswirar zurfin ruwa yayin da kake tafiya, kunna shi, ka riƙa kai da komo a hankali, layi kusa da layi, kana sa alamar GPS a duk bakin rami. Yawancin mutane gudu suke yi, taswirar ta fito da giɓi. Ka kuma lura ruwan na iya hawa da sauka, zurfin wuri ɗaya na iya canzawa daga lokaci zuwa lokaci.

Haɗa waya da batir kuwa, nemi mai gyaran lantarkin jirgin ruwa, ruwan gishiri na cin waya. Ka kuma tambayi masuntan wurin inda suka kafa tarkonsu, kada ka afka musu.