Ga 'yar'uwar da ta haihu tana da shekara 41 take tunanin ajiye aiki

Assalamu alaikum 'yar'uwa, barka da sauka lafiya, Allah Ya raya mana shi Ya albarkaci rayuwarsa. Kin ce wannan ce haihuwarki ta fari bayan shekara 13 da aure, hutunki ya kusa ƙarewa, kuma zuciyarki tana raya miki ki ajiye aiki ki rungumi ɗanki. Ni ma ina da shekara 42 na haifi 'yata, ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Zariya, kuma har takardar barin aiki na rubuta kafin yayata ta hana ni miƙa ta.

Abin da ta sa ni na yi shi ne lissafi, ke ma ina roƙonki ki yi shi. Ma'aikacin gwamnati yakan yi ritaya yana da shekara 60, ko bayan shekara 35 yana aiki. Ranar da za ki cika 60, ɗanki yana da 19, wato daidai lokacin da karatunsa zai fi cin kuɗi, kuma wataƙila maigidanki ya riga ki ajiye aiki. Wadda ta haihu tana da 25, in ta zauna shekara biyar a gida tana iya sake neman aiki, amma mu da wuya a sake ɗaukarmu muna dab da hamsin. Na san zafin barin yaron da aka sha gori da kuka kafin a same shi, sai dai ciyar da shi gaba ma reno ne.

Kafin maganar ofis, ki fara da jikinki, domin a nan na yi kuskure. Wadda ta haura 35 ta fi fuskantar hawan jini da ciwon suga na masu ciki, kuma hawan jinin yana iya tashi har makonni shida bayan haihuwa. Ni na ɗauka ciwon kan da nake yi rashin barci ne, na ci gaba da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, ina shan kunun kanwa safe da yamma, sai da ƙafafuna suka kumbura aka gwada ni aka tarar jinina ya hau sosai. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da alaƙar yawan kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ban ce ki raina al'adar iyayenmu ba, amma ki je a auna jininki kafin ki koma, musamman in tiyata aka yi miki. In kika ji numfashinki yana sarƙewa idan kin kwanta, ko ganinki yana dishi-dishi, ki tafi asibiti a ranar.

Sannan ki san haƙƙinki. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mai haihuwa mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aikin, da kuma rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Jihar Kaduna ta mayar da hutun ma'aikatanta wata shida a 2019, Legas kuwa tun 2014. Ki duba wanda ya shafe ki, ki nemi a haɗa miki da hutunki na shekara, kuma ki nema a rubuce.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne mai reno. Mahaifiyata ta haura saba'in a lokacin, ba ta iya goyo, kuma wannan matsala ce da masu haihuwa da ƙuruciya ba su cika sani ba. Ban yarda da barin jaririya a hannun yarinya 'yar shekara goma ba. Na ɗauki wata dattijuwa da muka sani a unguwa, ta fara zuwa mako biyu kafin na koma, ina fita na awa ɗaya, sannan biyu, har suka saba. A makonnin nan na koyi tatsar nono. Wanda aka tatsa a mazubi mai tsabta yakan kai kwana huɗu a firji, awa huɗu a ɗaki mai sanyi, amma da zafinmu da ɗauke wuta na fi dogara da kula mai ƙanƙara. Da kofi da cokali take ba ta, kuma haka muka cika wata shida ba ruwa ba koko.

Ki zauna da maigida ku raba dare tun yanzu, domin jikin 'yar arba'in ba ya jure rashin barci kamar na 'yar ashirin. Makon farko na yi kuka a ɗakin malamai, a na uku kuwa hankalina ya fara kwanciya. Ki koma ki gwada wata uku cur, in kin ga lafiyarki ko ta ɗanki tana taɓuwa, sai ki fara neman hutu ba albashi kafin ki yi maganar ajiyewa.