Tambaya da Amsa: Geany Ya Ce Bai San gcc Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai koyon harshen C na rubuta shirye-shiryen kwamfuta a shekarar farko ta jami'a. Ina rubuta shirye-shiryena a editan Geany, wato manhajar da ake rubuta shiri a cikinta, amma duk sa'ad da na danna maɓallin harhaɗawa sai saƙo ya fito da Faransanci cewa ba a san gcc ba, alhali a kwamfutocin makaranta komai yana tafiya daidai. Kwamfutata tsohuwa ce, Windows ke kanta. Shin in bar Geany in koma VS Code?
Daga wata ɗaliba, unguwar Zariya, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƴata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kada ki sauya edita, domin ba shi da laifi, kuma ko kin koma VS Code, wanda Microsoft ya fitar a 2015, matsalar nan za ta bi ki can, ga shi kuma ya fi Geany nauyi a kan tsohuwar na'ura.

Edita ba ya harhaɗa shiri da kansa. Aikinsa na ɗan aike ne: idan kin danna maɓalli, sai ya kira kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da rubutunki zuwa harshen na'ura, ya miƙa mata fayil ɗin, sannan ya kawo miki amsarta a ƙasan taga. Kwamfailar da Geany ke nema ita ce gcc, wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, kuma Windows ba ya zuwa da ita. A makaranta wani ya riga ya girka ta, shi ya sa ba ki taɓa lura da ita ba.

Ki girka ta ta hanyar MSYS2, manhajar da ke sauko da irin waɗannan kayan aiki zuwa Windows, ko kuma, idan kuɗin intanet ya yi miki yawa, ki karɓi Code::Blocks (wani edita ne) mai haɗe da MinGW (kayan harhaɗawa na Windows) a wurin wata abokiyar karatu, domin akwai gcc a ciki. Bayan haka akwai matakin da ɗalibai da dama ke tsallakewa, shi ne sanar da Windows inda take. Ki nemo foldar bin wadda gcc.exe ke ciki, ki ƙara adireshinta a jerin da ake kira PATH, wato wuraren da Windows ke duba idan yana neman manhaja, ki rufe Geany ki sake buɗe shi. Don ki tabbatar, ki buɗe baƙar tagar umarni ki rubuta gcc --version. Muddin lambar sigar ta bayyana, edita ma zai same ta.

Sai ki kula da maɓallai uku, saboda ba aiki ɗaya suke yi ba. F8 yana harhaɗawa ne kawai, ya bar miki fayil mai ƙarewa da .o wanda ba ya tashi. F9 shi ke gina shirin gaba ɗaya da umarni irin gcc -Wall -o "%e" "%f", inda %f ke nufin sunan fayil ɗinki, %e kuma sunan ba tare da .c ba. F5 yana tayar da abin da aka riga aka gina. Saboda haka idan kin gyara rubutu kika danna F5 ba tare da F9 ba, tsohon shirin ne zai tashi, ki yi ta mamakin yadda gyaranki bai kama ba.

A ganina babban amfanin harhaɗawa daga cikin edita ba saurin maɓalli ba ne, yadda yake nuna kurakurai ne. Idan kin manta alamar ; a layi na 12, saƙon zai fito da ja, kina danna shi sai ya kai ki wurin. Kuskuren farko za ki fara gyarawa ki sake ginawa, domin sau da yawa sauran duk daga gare shi suka samo asali. Kuma kada ki cire -Wall, wanda ke sa gcc ta nuna gargaɗi, daga umarnin ko da gargaɗinsa ya dame ki, domin shi zai faɗa miki kin sa %d (alamar cikakkiyar lamba) a printf, mai buga rubutu a allo, inda ya kamata ki sa %f (a nan alamar lamba mai ɗigo ce, ba sunan fayil ba).