Tambayi Likita: Kati, Folda da Takardun Asibitin Soja

Saƙonnin wannan mako galibinsu daga bariki suka zo, kuma ba wanda ya nemi in faɗa masa sunan magani. Kowa kan takarda yake kuka. Na zaɓi biyar.

Likita, ni kofur ne. Shekara uku da suka wuce nakiya ta tashi kusa da motarmu a bakin daga. Ban ji ciwo a fili ba, kunnena na hagu ne kawai ya ɗan yi jini, na share na ci gaba da aiki. Yanzu kunnen ba ya ji sosai, ga wata ƙara da ke hana ni barci. An buɗe foldata an ce babu inda aka rubuta wannan. Ina mafita?

Sannu ɗan'uwa, Allah Ya ƙara lafiya. Jinin da ka gani, mai yiwuwa fatar dodon kunne ce ta fashe, don ita ce abin da ƙarfin fashewar bam ke fara yagawa a jikin mutum. Yawanci takan haɗe da kanta cikin makonni zuwa wata uku. A nan matsalarka take. Da a makon aka leƙa kunnen, da an ga hujin ƙuru-ƙuru an rubuta. Yau likita zai iya leƙawa ya tarar da fata a haɗe, alhali ɓarnar tana can ciki, inda fitilarsa ba ta kaiwa. Tun ran gini tun ran zane.

Amma ba ka makara gaba ɗaya ba. Ka nemi a tura ka wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a babban asibitin soja, irin na 44 da ke Kaduna ko na 68 da ke Yaba a Legas, a yi maka gwajin ji. Za a sa maka abin saurare a kunne a ɗaki mara hayaniya, a riƙa sako sauti siriri da kauri, kana danna maɓalli duk sanda ka ji. Sakamakon zane ne a takarda, layin dama daban, na hagu daban. Kunnen da ƙarar bindiga da igwa suka cinye yakan nuna wani rami a zanen wajen sauti mai ma'aunin 4,000, wanda ya saba karantawa yana gani zai gane.

Sannan ka zauna da likitan ka ba shi labarin da rana da wata da wuri, ka roƙe shi ya rubuta yadda ka faɗa. Tashin nakiya ba abin da runduna ke bari ya wuce ba rahoto ba ne, saboda haka ka bi ta hannun na gaba da kai a nemo rahoton ranar, wanda zai nuna kana cikin motar. In akwai wanda aka kwasa zuwa asibiti a wannan rana, shi ma shaida ne. Ranar da kwamitin likitoci zai zauna a kanka, tambaya biyu zai yi: nawa ne girman nakasar, kuma aiki ne ya jawo ta? Gwajin ji zai amsa ta farko. Ta biyu sai takardar runduna.

Na san abin da ya hana ka zuwa a lokacin. Abokan aikinka na kwance cikin jini, kai ka je kana cewa kunne? Kunya ce ta maza, na kuwa sha ganinta. Sai dai ga duk wanda ke karantawa daga bakin daga: ko jiri ne, ko mantuwa, ko ciwon kai bayan fashewa, ka je ma'aikacin lafiyar runduna ya rubuta layi biyu da kwanan wata.

An yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Kaduna zuwa Sakkwato. Ina da ciki wata shida, kuma ana duba ni saboda hawan jini. Za su ba ni foldata in tafi da ita?

'Yar'uwa, da wuya. Folda kayan asibiti ce, a ɗakin kati take kwana. Abin da za ki nema shi ne takardar taƙaitaccen bayani daga likitan da ke duba ki, da sa hannunsa da hatimin asibiti. Ki tabbata ta ƙunshi ranar da ake sa ran haihuwa, awon jininki na kowane zuwa, sunan maganin hawan jinin da adadin da kike sha, sakamakon gwajin fitsari, rukunin jininki, da alluran rigakafin da aka riga aka yi miki. Hoton cikin da aka ɗauka da farko ki riƙe shi da kyau, ya fi na baya daidaito wajen ƙirga watanni.

Abin da ya sa na nace kan jerin awon jini: in kika isa Sakkwato aka auna aka ga 150 bisa 95, sabon likita bai san ko sauka ya yi daga sama ko hawa yake yi ba, kuma shawararsa ta dogara da wannan.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki nemi takardar tun saura mako biyu, ba ranar da babbar mota ta tsaya a ƙofar gida ba. Maigida kuma ya je teburin inshorar lafiyar sojoji, wato DHML, a sauya muku asibitin da aka yi muku rajista. In kafin tafiya ko a hanya kika ji ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko fuska ta kumbura, ki manta da zancen takarda, ki shiga asibiti mafi kusa.

Da aka kawo yayana daga fagen fama, an rubuta harafin T da wasu lambobi a goshinsa da biro mai kauri. Mahaifiyarmu ta tsorata, ta ce lambar gawa ce.

Ki kwantar wa Mama da hankali. Wanda ya rubuta wannan ya san aikinsa. T ɗin alama ce cewa an ɗaure masa hannu ko ƙafa da ɗaurin tsayar da jini, lambobin kuma lokacin da aka ɗaura ne, da agogon soja: 1435 na nufin ƙarfe biyu da minti talatin da biyar na rana. Ɗaurin da bai kai awa biyu ba yawanci ba ya barin illa. In ya haura awa shida, gaɓar na cikin haɗarin yankewa, kuma kwance shi ba shiri na iya sakin guba cikin jini. Akwai katin da ake rataya wa mai rauni, amma kati yakan jiƙe da jini ko ya tsinke a jirgi. Goshi kuwa tare da mai shi yake isa ɗakin tiyata.

Tun da na dawo daga aiki ba na barci, ƙarar ƙofa ma razana ni take. Ina tsoron in na faɗa wa likitan bariki, gobe kwamandana ya sani.

Ba zan yi maka daɗin baki ba. Likitan soja bawan iyayengiji biyu ne: kai marar lafiya, da rundunar da ke son sanin wa zai iya aiki. Abin da ƙa'idar aikin likita ta yarda ya miƙa sama shi ne hukunci: wannan zai iya aiki, wannan a sauƙaƙa masa na wata kaza, wannan kada a ba shi gadi da makami tukuna. Abin da ka faɗa masa a ɗaki, da mafarkin da kake yi, a folda suke zama. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana fitar da bayanin marar lafiya sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu ko doka, ko in rufewar za ta jefa jama'a cikin haɗari. In likita ya ga kana iya cutar da kanka ko wani, zai yi magana, kuma daidai ya yi.

Bariki gari ne ƙarami, na sani, zance yakan fita ta bakin da bai kamata ba. Kafin ka fara, ka tambayi likitan kai tsaye: “Yallaɓai, me za ka rubuta, wa kuma zai gani?” Abin da kake ji yana da magani. In tunanin kashe kanka ya taɓa zo maka, yau za ka je, ba gobe ba.

Na yi ritaya ina samanja. Ina neman takardun tiyatar da aka yi mini a ciki sama da shekara ashirin, an ce foldar ta ɓata.

Baba, ranka ya daɗe. Wannan ba a nan kaɗai yake faruwa ba. A watan Yuli na 1973 gobara ta tashi a ma'ajiyar takardun sojojin Amurka da ke St. Louis, ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18, aka koma ana haɗa tarihin mutane daga takardun albashi da rajistocin asibitoci. Hanyar da za ka bi ke nan. Folda ɗaya ce, amma sunanka ya shiga littattafai da yawa: rajistar ɗakin tiyata, rajistar kwanciya da sallama, ta ɗakin gwaji, ta ƙarin jini in an ƙara maka. Waɗannan manyan littattafai ne masu kwalin bango, a jere suke bisa kwanan wata, kuma sun fi folda jure ƙaura.

Ka rubuta wa shugaban asibitin takarda da lambarka ta soja, muƙaminka na lokacin, da shekara da watan da aka yi aikin, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. A gida kuma a zazzage tsohuwar akwatin ƙarfe, ƙaramin katin nan mai lambar folda yakan maƙale a cikin littafin banki ko aljihun tsohon kaki. In duk an rasa, likitan tiyata zai duba tabon, ya yi hoton ciki, ya rubuta abin da ya gani da abin da aka cire. Ka tafi da ɗaya daga cikin yaranka ya ɗauki hoton kowane shafi da waya kafin ku baro wurin.