Wa ke da iko da ruwan Kogin Kwara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin rani ne a yankin Yawuri ta jihar Kebbi. Muna jin cewa Jamhuriyar Nijar na gina madatsar ruwa a Kandaji. Shin Najeriya na da ikon hana su? Kuma wa ke raba ruwan kogin nan tsakanin ƙasashe?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Najeriya ba ta da ikon hana Nijar gina madatsa a cikin ƙasarta, ita ma Nijar ba ta da ikon yin yadda ta ga dama da ruwan. Kogin nan na Kwara, wato Kogin Neja, wanda mutanen Nijar ke kira Isa, ya taso daga tsaunukan Gini ya yi tafiyar kimanin kilomita 4,200 kafin ya faɗa teku. Ƙasashe tara ne ke da rabo a cikinsa ko a rassansa: Gini, Kwaddibuwa, Mali, Burkina Faso, Nijar, Benin, Najeriya, Kamaru da Chadi. Sun kafa hukuma ta haɗin gwiwa a 1964, suka sake mata fasali a 1980 ta zama Hukumar Raya Yankin Kogin Neja, mai hedikwata a Yamai. A 2008 shugabanninsu suka amince da kundin dokar ruwa na kogin. Bayan wannan akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997 kan kogunan da ke ratsa ƙasashe, wadda ta fara aiki a 2014, kuma Najeriya da Nijar duk suna cikinta.

Dokokin nan sun tsaya ne kan ƙa'idoji biyu da ke yawan karo da juna. Kowace ƙasa na da haƙƙin amfani da ruwan bisa adalci, kuma babu wadda za ta jawo wa maƙwabciyarta babbar cuta. Ƙasar da ke sama takan riƙe ta farko, ta ƙasa ta riƙe ta biyu. A lura da kalmar "babbar": raguwar ruwa kaɗan ba ta isa hujja ba, sai an nuna asara ta zahiri a noma ko kamun kifi ko wutar lantarki ko ruwan sha.

A ƙarƙashin yarjejeniyar 1997, ƙasar da za ta yi aikin ita za ta fara sanar da maƙwabta a rubuce, tare da bayanan injiniya da rahoton tasirin aikin ga muhalli. Maƙwabta na da wata 6 su yi nazari su ba da amsa, kuma za su iya neman ƙarin wata 6 idan nazarin ya yi wuya. A wannan lokacin ba a fara aikin sai da yardarsu. Idan sun ce akwai cuta, sai a zauna tattaunawa, kuma suna iya neman a jinkirta aikin na wasu wata 6. Idan abin ya faskara, ana kafa kwamitin binciken gaskiya, ko a tafi Kotun Duniya da ke Hague in ɓangarorin sun yarda. Ƙasar da ta yi shiru har wa'adi ya wuce ta raunana hujjarta da hannunta, domin mai aikin na iya ci gaba.

Game da Kandaji, girmanta bai kai yadda ake zuzutawa ba. Tana yankin Tilaberi, kimanin kilomita 180 sama da Yamai, an tsara ta riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 1.5, ta ba da wuta megawat 130. Tafkin Kainji da aka kammala a 1968 yana ɗaukar kusan biliyan 15, ninki goma ke nan. Dalilin Nijar ma mai ƙarfi ne: a watan Yunin 1985 kogin ya daina gudu a Yamai saboda fari, shi ya sa aka tsara madatsar ta riƙa sakin aƙalla mita kubik 120 a kowace daƙiƙa lokacin rani.

Abin da ya kamata manomi irinka ya sa wa ido shi ne noman rani da za a shimfiɗa a kan madatsun. Injin wuta yana juya ruwa ne ya sake shi, amma ruwan da aka kai gonar shinkafa yawancinsa ba ya dawowa. Kandaji kaɗai an tsara mata hekta 45,000. Mali na jan ruwa mai yawa a Markala tun 1947, tana kuma da shirin madatsar Tawusa, Gini na da na Fomi. Ko wanne in ka ɗauke shi shi kaɗai za a ce ba babbar cuta ba ce, amma idan aka tara su lissafi ya canja. Ku mutanen Yawuri kun san kogin na cika sau biyu. Akwai cikar damina mai laka daga ruwan saman da ya sauka kusa, sai kuma ta biyu mai ruwa garau da ke isowa wajen Disamba zuwa Fabrairu, wato ruwan Gini da ya yi watanni yana ratsa fadamun tsakiyar Mali. Wannan ta biyun ita ce ke riƙe Kainji da Jebba da gonakinku a rani, kuma ita ce madatsun sama za su fi taɓawa.

Raunin hukumar a fili yake. Ba ta da 'yan sanda, ba ta iya rufe ƙofar madatsar kowa, kuɗin gudanar da ita daga ƙasashen yake fitowa kuma ana yawan jinkirta biya. Ƙarfinta yana cikin tashoshin auna ruwa da ke bakin kogin, domin ba a cin gardamar ruwa sai da alƙaluma. A ganinmu nan ne Najeriya ta fi buƙatar zuba kuɗi: a gyara ma'aunan da ke kusa da iyaka, a riƙa karanta su kullum, a kuma nemi rubutaccen tsarin sakin ruwa na wata-wata daga kowace sabuwar madatsa tun kafin a cika ta. Ambaliyar 2012 da ta 2022 a Binuwai, da aka danganta wani ɓangarensu da sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, sun nuna abin da rashin irin wannan tsari ke jawowa.

Kada a manta kuma a wasu wuraren Najeriya ce ke sama. Madatsar Jibiya a Katsina tana kan ruwan da ke gangarawa Gulbin Maradi, kuma yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ta ɗaure ƙasashen biyu su raba shi bisa adalci. Duk hujjar da Najeriya za ta kawo kan Kandaji, manoman Maradi na da damar kawo irinta kan Jibiya.