Tsakanin Abhur da Birnin Sarki Abdullah, ina ya fi dacewa da mai aiki a Jidda?

Alhaji, ka ce an mayar da aikinka tsakiyar Jidda, kuma kana ruwan ido tsakanin Abhur ta Arewa, unguwar bakin teku a arewacin Jidda, da Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah. Ni dai Abhur zan ce maka, tunda da iyali za ka taso.

Birnin Sarki Abdullah yana kusa da Rabigh, wajen kilomita 100 arewa da Jidda. Wuri ne mai tsabta da natsuwa, ga jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018, yana tsayawa a can, ya tsaya a filin jirgin saman Jidda da tashar Sulaimaniyya da ke cikin garin. Amma jirgin ba zai sauke ka ƙofar ofis ba, sai ka sake neman mota, safe da yamma. Abin da ya fi damuna ma Hajiya ce. Mutanenmu suna Jidda da Makka, kuma duk suna ko ta'aziyyar da ta taso, doguwar tafiya ce gare ta. Kaɗaici yana cin mace a baƙon wuri, wallahi na gani da idona.

Abhur kuwa tana jikin gari, ga teku, ga makarantu. Matsalarta cunkoson Titin Madina. Kafin ka biya ko riyal ɗaya, ka tuƙa daga gidan zuwa ofis ranar Lahadi, farkon makon aiki a Saudiyya, da ƙarfe 7 na safe. Ka tambayi maƙwabta yadda layin ya kasance a ambaliyar ruwan saman Nuwamban 2022. Yarjejeniyar haya kuma kada ka yarda sai ta Ejar, wato tsarin gwamnati na rajistar haya ta intanet.